Kafin ka tura labarin "cuta ta ragu" a guruf, ga yadda zaka duba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu da wuya mako ya wuce baka ji a rediyo ko a guruf ɗin WhatsApp na gari an ce bincike ya nuna abu kaza ya ragu ba, yau zazzaɓin cizon sauro, gobe mutuwar mata wajen haihuwa, jibi ruwan ƙasa ko kifin kogin Haɗeja. Wasu su kama san barka, wasu su ce ai duk siyasa ce, kuma in ka bi duka ɓangarorin babu wanda ya duba komai. To wannan rubutu na masu son dubawa ne, musamman 'yan kwamitin asibitin mazaɓa, da malaman asibitin karkara, da ɗaliban koyon aikin lafiya da aka ɗora musu furojet. Ba sai kana da digiri a lissafi ba, waya mai kalkuleta da biro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta sun isa.

Abu na farko da zaka riƙe, lambobi suna hawa suna sauka ko da ba abin da ya canja. Ƙauye ɗaya, mutane ɗaya, bana a haifi yara 37 baɗi a haifi 31, ba wani dalili. Duk gwajin da masu bincike suke yi kafin su ce raguwa ta tabbata a ƙididdiga, tambaya ɗaya yake amsawa: shin wannan bambancin ya wuce irin hawa da saukar da ake samu ta arashi kawai? Shi kenan fa. Bai ce raguwar babba ce ba, bai ce ga abin da ya kawo ta ba, bai ma ce an ƙirga daidai ba, waɗannan kai zaka bi su da kanka.

A takardun bincike zaka ga harafin p da lamba a gefensa, kamar p < 0.05. Fassararsa ita ce, da a ce babu wani canji na haƙiƙa, samun bambanci mai girman wannan ko fiye ba zai kai sau 1 cikin 20 ba. Wani Baturen Ingila Ronald Fisher ne ya yaɗa wannan ma'auni tun wajen 1925, kuma abin da zai baka sha'awa a tashar binciken noma ta Rothamsted yake aiki a lokacin, yana lissafin taki da amfanin gona, kaga ashe asalin abin ma daga gona ya fito. Layin 0.05 ɗin nan ba wahayi bane, masana ne suka saba da shi suka riƙe, don haka 0.049 da 0.051 kusan abu ɗaya ne duk da ɗaya za a yi masa kanun labari ɗaya kuma a jefa shi a durowa. Kuma in mai bincike ya gwada abubuwa 20 daban-daban a lokaci guda, hawan jini da nauyi da tsawo da sauransu, ba abin mamaki bane ɗaya ya tsallake layin ta arashi, shi yasa in ka ga an zaro sakamako ɗaya tak ana ta yayatawa ka nemi sanin nawa aka gwada.

Ga lissafin da zaka iya yi a wayarka, indai abin ƙirge ne na mutane ko na aukuwa kuma tsawon lokacin iri ɗaya ne. Ka haɗa lambar bara da ta bana, ka danna alamar √ a kalkuleta (a wasu wayoyin sai ka kwantar da wayar take fitowa), abin da ya baka ka ninka shi biyu. In bambancin bara da bana bai kai wannan ba, to kar ka yi saurin cewa an samu raguwa.

Misali na ƙirƙira don a gane. A ce a asibitin sha-ka-tafi na garinku bara an samu jarirai 16 da aka haifa ba rai, bana 12. Wani zai tashi a taro ya ce an samu raguwar kashi 25 cikin 100, a tafa masa. Haɗa 16 da 12, 28 kenan, √ ya baka 5.3, ninka biyu 10.6. Bambancin kuma 4 ne kacal, bai ko kusa ba. Yana yiwuwa an samu sauƙi, Allah yasa, amma waɗannan lambobin basu isa shaida ba. Yanzu ɗauki babban asibitin ƙaramar hukuma, yara 400 aka kwantar bara bana 300. Shi ma kashi 25 ne cif. Haɗa, 700, √ ya bada 26.5, ninka biyu 53, bambanci kuwa 100. Wannan ya wuce arashi, akwai abin da ya faru, saura a gano mene ne. Kashi ɗaya amma hukunci biyu, kuma yawan da aka ƙirga ne ya raba su. Sai dai a kula, cututtuka masu yaɗuwa irin su ƙyanda da amai da gudawa a dunƙule suke zuwa, gida ɗaya ya kama ya shafa wa unguwa, to su hawa da saukarsu ta fi haka tsanani, wannan ɗan lissafin yana musu sassauci da yawa, ko sun tsallake shi ka ƙara jira.

Yawancin manyan alƙaluman ƙasa kuma ba kowa ake ƙirgawa ba, samfur ake ɗiba. Kamar mai sayen hatsi ne a Dawanau, ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake zurawa ya zaro 'yan ƙwayoyi, in ya soka wuri ɗaya a buhu ɗaya zai iya cin karo da mai kyau alhali ƙasa duk ƙwari ne, in ya soka wurare da yawa a buhuna da yawa ƙiyasinsa ya fi kusa da gaskiya amma duk da haka ƙiyasi ne. Shi yasa rahoton kirki ba ya bada lamba ɗaya tsurarta, zaka ga wasu lambobi biyu a gefe, daga kaza zuwa kaza, galibi da rubutun 95% CI, wato tazarar da ake sa ran lambar gaskiya tana cikinta. Wallahi waɗannan biyun sun fi ta tsakiyar amfani, kuma su ne kullum ake yankewa in labari ya iso rediyo.

Duba wannan na gaske. Binciken lafiya na gida-gida da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take yi, NDHS, a 2013 ya ce mata 576 ne suke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, a 2018 kuma aka ga 512. Da ka ji sai ka ce Alhamdulillahi an sauko. To amma na 2013 tazararsa daga 500 zuwa 652 ce, na 2018 daga 447 zuwa 578, kaga sun shige cikin juna sosai, gaskiyar lamarin tana iya zama 550 a duka shekarun biyu. Ƙari a kan haka a 2018 an ɗan canja ma'anar abin da ake ƙirgawa, an cire matan da haɗari ko tashin hankali ya kashe suna da juna biyu, in aka ƙirga yadda aka yi a baya lambar 556 ce. Kuma wannan binciken gidaje wajen 40,000 ya shiga fa, ba ƙaramin aiki bane, amma duk da haka bai isa ya ce ga raguwa ba. To ina ga wanda ya tambayi mata 60 a unguwa biyu.

In kuma takardar gwajin magani ce ko rigakafi, sau da yawa zaka ga lamba irin 0.80, ma'ana an samu sauƙin kashi 20, don 1 ita ce babu bambanci tsakanin waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba. Kalli tazarar. In ta tashi daga 0.70 zuwa 0.92 duk tana ƙasa da 1, da dama-dama. In ta tashi daga 0.60 ta haura zuwa 1.10, ta tsallake 1 kenan, ma'ana ba a kore yiwuwar cewa maganin bai yi komai ba.

Bayan nan sai ka tambayi girma, kuma ka nace a faɗa maka da mutane ba da kashi ba. Cutar da take kama mutum 2 cikin 1,000 ta koma 1, an rage rabi kenan, kashi 50, zai yi daɗin faɗa. Cutar da take kama yara 400 cikin 1,000 ta koma 360, kashi 10 ne kawai, amma yara 40 aka tsare. Ni dai in kuɗin kwamiti ɗaya ne na san inda zan ce a kai shi. Haka kuma binciken da ya ɗebi mutum dubu hamsin zai iya tabbatar da saukar hawan jini da maki 1, lissafi ya yarda, amma Baba da yake fama da ciwon kai ba abin da zai ji a jikinsa.

Inda aka fi yi mana wayo, wani lokaci ma ba da gangan ba, shi ne wajen zaɓen lokacin da za a fara ƙirga. Duk wanda ya taɓa zama a asibitin karkara ya san daga Agusta zuwa Oktoba benci ba ya isa, uwaye har ƙarƙashin darbejiya da yara jiki zafi rau, zuwa Maris kuma wurin fayau. Wanda ya kwatanta Satumba da Fabrairu ya ce shirinsa ya rage zazzaɓi, rani ne ya yi masa aiki. Satumba da Satumba ake kwatantawa, damina da damina. Sanƙarau na bazara ne, tamowa tafi tsananta kafin sabon hatsi ya shigo, kowace da lokacinta.

Shekara ma haka. A 2021 kwalara ta yi ɓarna a ƙasar nan, sama da mutum 100,000 ake zargin sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa da Kano da Bauchi suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. Duk shekarar da ka ɗora a gefen 2021 zata fito da kyau, ko an gyara rijiya ko ba a gyara ba, don annoba in ta kai ƙololuwa dole ta sauko. Kuma ka lura, yawanci daidai lokacin da abu ya yi tsanani ne ake kawo ɗauki, sai saukar da dama zata zo ta faɗo a kan sunan ɗaukin. Maganin wannan ka nemi lambobin shekara 5 ko fiye a jere, ka rubuta su a layi, ka ga ko gangara ce ko tsalle ɗaya ne aka yi aka dawo.

A harkar muhalli ma wannan ya fi yawa. Kowa ya ji an ce Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90. Lambar tana da asali, a 1963 faɗinsa wajen murabba'in kilomita 25,000 ne, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bayan farin 1973 da na 1984 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Amma shekarun 1950 da farkon 1960 shekaru ne na ruwa mai yawa fiye da yadda aka saba a yankin, wato an fara awo daga sama, kuma hotunan tauraron ɗan adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, yana cika yana ja gwargwadon damina. Wanda ya ce ya ragu daga 1963 ya yi gaskiya, wanda ya ce har yau kullum raguwa yake bai duba ba. Shi yasa masana yanayi suke ɗaukar shekara 30 kafin su ce ga ruwan da wuri ya saba samu, damina biyu marasa kyau basu isa ba.

Sai tambayar da na fi so: wa ya ƙirga, kuma har yanzu yana iya ƙirgawa? Ka je wajen incaj cikin mutunci, ka ce ranka ya daɗe ina so in ga rijistar masu zuwa, ka buɗe wata-wata. Zaka iya ganin masu zazzaɓi sun faɗi warwas a watan Satumba, kafin ka yi murna duba layin gwaji. In abin gwajin jinin nan na yatsa ya ƙare mako uku, ba za a rubuta kowa a matsayin wanda aka tabbatar ba, cutar tana nan, takarda ce babu. Haka in an yi yajin aiki, ko an ɗauke malamar da mata suka saba da ita, ko magani ya ƙare mutane suka koma kemis, ko ambaliya ta yanke hanya irin yadda aka gani a Jigawa a 2022. Ga alama mai sauƙi: in zazzaɓi ya ragu kuma awon ciki ya ragu, masu rauni sun ragu, masu gudawa sun ragu, komai ya ragu tare, to ba lafiya aka samu ba, mutane ne suka daina zuwa.

Wannan ya taɓa faruwa da ƙasa baki ɗaya. Yaron da ya kamu da shan inna a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yulin 2014 shi aka ɗauka na ƙarshe, har a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar take zaune. Kwatsam a Agustan 2016 aka samu yara a Borno, kuma gwajin ƙwayar cutar ya nuna ta shafe shekaru tana yawo a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Sifilin da aka gani na inda ido ya kai ne. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar wa Afirka ta rabu da wannan nau'in na shan inna, wato na asali da ake kira wild polio.

Kar ka manta da yawan jama'a kuma. Rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006, duk "cikin mutum dubu" da kake ji ƙiyasi aka ɗora a kai. A ƙauye ma in samari sun tafi ci-rani ko Fulani sun tashi, masu zuwa asibiti dole su ragu.

To a ce duk wannan ya wuce, raguwa ta tabbata. Me ya kawo ta? A nan kana buƙatar waɗanda ba a yi wa abin ba don kwatance. Misali mai kyau shi ne rigakafin sanƙarau na MenAfriVac a Chadi. A ƙarshen 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 'yan shekara 1 zuwa 29 a yankuna uku har da Njamena, sauran yankunan ba a kai gare su ba tukuna. Da bazarar 2012 ta zo, inda aka yi allurar kusan mutum 2.5 cikin 100,000 suka kamu, inda ba a yi ba kuma kusan 44, bambancin kashi 94. Shekara ɗaya, zafi ɗaya, ƙura ɗaya, kaga ba mai cewa ai yanayi ne. Irin wannan shaidar ita ake nema. Amma ko a nan ka tambayi takamaimai me ya ragu, don allurar nau'in A take karewa. A 2017 nau'in C ya ɓarke, Zamfara da Sakkwato suka fi shan wahala, sama da mutum 14,000 ake zargi, sama da 1,100 suka rasu, mutane suna cewa ashe allurar banza ce alhali ba aikinta bane. A 2024 ne Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar mai kare nau'i biyar.

Kar wani ya karanta wannan ya koma mai ƙaryata komai, wannan ma lalaci ne. Akwai raguwar da ta ci duk jarrabawar nan. Kurkunu a ƙarshen shekarun 1980 sama da mutum 650,000 aka ƙirga a Najeriya, na ƙarshe a 2008, aka bada shaidar rabuwa a 2013, ka tambayi dattijan garinku su nuna maka tabo a ƙafa sannan ka nemi yaro ɗaya mai shi. Zazzaɓin cizon sauro a jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya sauka daga kashi 42 a 2010 zuwa 27 a 2015, wannan sauka ce ta gaske, amma daga 23 a 2018 zuwa 22 a 2021 ni ba zan ce komai ba, tsayuwa ce. Kuma lambar ƙasa ba ta garinku bace, a 2018 ɗin Legas kashi 2 take Kebbi kuma 52.

Na ƙarshe, in abin da yake damunku na gida ne, ku fara ajiye lambarku. Dattawa suna cewa rijiyar bakin kasuwa ta yi ƙasa, wasu suna ɗora laifin a kan burtsatsen masu noman rani, wasu a kan madatsun Tiga da Challawa da kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja, ana ta musu a majalisa ba mai takarda. A samu igiya ɗaya marar miƙewa a ɗaura mata ƙarfe, a yi alama da fenti a bakin rijiyar inda za a riƙa aunawa, a zura har a ji ta taɓa ruwa, a auna da tef ɗin tela ko na magina. Da asuba ake yi kafin a fara ɗiba, rana ɗaya a kowane wata, kuma in da hali rijiya uku ko huɗu a ɓangarori daban-daban na gari. Afrilun bana da Afrilun baɗi zaku kwatanta, ba Afrilu da Satumba ba. A gefen kowace lamba a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya auna da duk abin da ya faru, an yashe rijiyar, an haƙa sabon burtsatse kusa, an yi biki an kwana ana ɗiba. Littafin ya zauna a wajen mai unguwa ko limamin gari, kuma duk wata mutum ɗaya ya ɗauki hoton shafin da waya saboda gara da ruwan sama.